Macen Daƙiƙa Hamsin da Takwas

Karo na tara ke nan Nives ta mayar da tef ɗin baya.

Karo na tara kuma macen nan ta buɗe baki.

Jita ce ta fara, a hankali, jitar Duilio, wadda ko a barci aka kaɗa mata za ta gane hannunsa. Sai muryar ta shigo... siririya, mai taushi, tana ɗan rawa kamar mai ita yanzu ta gama kuka ta wanke fuska.

"Miya ta huce, ban ci ba,
Na bar ƙofa a buɗe, iska na shigowa,
Ka dawo, ko ba ka samo komai ba..."

Daƙiƙa hamsin da takwas. Iyakar waƙar ke nan.

Nives ta kashe injin. Rezar yankan tef na tsakanin yatsunta, zoben alkawarin da Duilio ya sa mata wata huɗu da suka wuce yana ɗaya hannun. Ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Ashe kin same ni."

Ba sai ta juya ba. Turaren ya riga mai shi shigowa. Ludovica ce, 'yar mai jiragen ruwa, wadda ubanta ya kama wa ƙungiyar kiɗan su Duilio hayar situdiyon nan, cikin baƙar alkyabba har ƙasa a tsakiyar watan Yuni.

"Barka da safiya, Signorina. Sanyi ake yi a unguwarku?"

"Ke ba za ki gane ba." Ludovica ta zauna a bakin teburin. "Ya kika ji muryar?"

"Taki ce?"

"Ni dai ban ce komai ba..." Ta yi murmushi tana wasa da gashinta. "Ranar Lahadi aka ɗauka. Duilio ya ce kada kowa ya zo. Ina ce kina coci ranar?"

Nives ta ajiye rezar a kan tebur. Ranar Lahadi tana maƙabarta ita da babanta, suna canja wa mamanta furanni. Sai da safiyar nan ta buɗe kwalin tef ta tarar da sabuwar waƙa, an rubuta "Ta huɗu, Kiran Gida" da hannun Duilio. Gurbin sunan mai murya kuwa an bar shi fayau.

Ƙungiyar su Duilio sunanta Agogon da Ya Tsaya. Faifan da suke yi labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe, irin wanda a shekarar 1973 duk saurayi mai dogon gashi a Genova ya ɗauka in bai yi shi ba bai waye ba. Wai wani mai gadin hasumiyar fitila ne ya haɗiye teku, ya tafi neman ma'anar rayuwa, ya gamu da Sarkin Gishiri suka yi gardama ta minti goma sha ɗaya da ganga. Ludovica ce ta ƙirƙiro labarin, ita ce kuma ke buɗe faifan da karatun baiti na minti huɗu, ana hura mata iska a baya.

Nives ta saurari abin ya fi sau ɗari. Har yau ba ta san ko mutumin ya amayar da tekun ba.

Ita shara ta zo yi a situdiyon tana 'yar shekara goma sha huɗu. Da kallo ta koyi aikin, da littattafan injinan da ta riƙa karantawa da ƙamus a gefe. Yanzu babu tef ɗin da ke fita sai ya bi ta ƙarƙashin rezarta. A duk minti arba'in da biyar na faifan nan, wannan 'yar guntuwar ce kaɗai ta taɓa mata zuciya.

Ita ce kuma wata ta rera wa saurayinta.

Signor Oreste, tsohon injiniyan situdiyon, ya shigo riƙe da agogon awo.

"Nives, akwai matsala. Gefen farko ya yi tsawo. Faifai ba ya ɗaukar fiye da minti ashirin da biyu a gefe ɗaya in ana son sauti mai kyau. Namu ashirin da uku. Ki nemo minti ɗaya ki cire. Juma'a da safe tef zai bi jirgin ƙasa zuwa Milano, daga can kuma babu gyara."

Ya faɗa ya fita, ko kallon kwalin bai yi ba.

Ludovica ta sauko daga teburin, ta sunkuyo daidai kunnenta.

"Minti ɗaya... ikon Allah! Kamar an auna. Amma kada ki soma, ƙanwata. Duilio ya ce duk wanda ya taɓa masa waƙar nan, shi da shi har abada." Ta gyara alkyabba. "Ko da yake ke ce mai reza."

*

A shagon farinata, wato wainar garin wake, na bakin tashar jiragen ruwa ta sami Duilio da rana, inda suka saba haɗuwa. Ya riga ya sayi yanka biyu, ya barbaɗa wa nata barkono yadda take so.

"Zuciyata! Zo ki ci da zafinta."

"Wace ce?"

Hannunsa ya tsaya a iska.

"Wa?"

"Mai miyar da ta huce."

Kunnuwansa suka yi ja har cikin gashin. Duilio ɗan duwatsun Cuneo ne, dogo, mai kunya, in ya hau dandamali ya zama zaki, in ya sauko ko kuɗin canji ba ya iya tambaya.

"Kin ji ta ke nan... Ta yi daɗi?"

"Tambayar da za ka yi min ke nan?"

"Nives..."

"Ta yi daɗi! Ta yi daɗi sosai! Sau tara na ji. Ka gaishe ta."

"Ba yadda kike zato ba ne."

"To yaya ne? Ludovica ce?"

"Ludovica?" Ya zaro ido. "Wa ya ce miki?"

"Ita ce ko ba ita ba ce?"

"Ba ita ba ce."

"To wace ce?"

Ya kau da kai.

Mai shagon ya rage sautin rediyonsa. Matan da ke layi suka daina hira.

"Ba zan iya faɗa ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki yarda da ni, rabin raina. Don Allah. Abu ɗaya na roƙe ki."

"Ka rufe ƙofa da mace ranar Lahadi, ina can ina share kabarin uwata, ta rera maka tana jiran ka da abinci, sannan ni ce zan yarda? Kana sonta?"

Wani abu mai kama da dariya ya so ƙwace masa, ya haɗiye.

Wannan ne ya ƙarasa ta.

"Dariya ma na ba ka."

"A'a! Na rantse..."

"An ce in cire minti ɗaya daga gefen farko."

Fuskarsa ta canja nan take.

"Ban da ita."

"In na cire fa?"

"Nives, duk faifan nan ita kaɗai ce tawa. Sauran hayaniya ce, ni ma na sani. In kika yanke ta don kawai ba ki yarda da ni ba..." Ya kasa ƙarasawa.

"Ƙarasa mana."

"To me ya rage tsakaninmu?"

Ta ɗauki jakarta.

"Ka kai mata farinatar. Da alama ta saba cin abu da sanyi."

*

Babanta, Amilcare, shekara talatin yana dako a tashar jiragen ruwa. Wuyansa kamar kututture. Tun ranar farko bai taɓa kiran Duilio da sunansa ba.

Da yamma suna cin taliya ya lura ba ta kai cokali baki.

"Budurwar taki ce ta ɓata miki rai?"

"Baba, ka daina."

"To me zan ce? Namiji da gashi har kafaɗa, wando ya matse shi kamar an zuba shi a ciki. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce wai yana binciken sauti. Sauti ya ɓata ne?"

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta.

Amilcare ya ajiye cokali.

"Me ya yi miki?"

"Akwai wata."

"Na sani! 'Yar mai jiragen nan ce ko? Mai yawo da labule a jiki?"

"Ya ce ba ita ba ce."

"Zai ce ita ce? Cire zoben nan ki ba ni. Gobe da kaina zan kai masa, in ya yi magana in haɗa masa da haƙoransa."

"Bar shi tukuna."

"Nives, ban hana ki da ƙarfi ba don uwarki ba ta nan, kada a ce na yi miki mugunta. Amma ban sa albarka ba, ba kuma zan sa ba."

Ta juya zoben a yatsanta. Abin haushin, ko a lokacin waƙar ce ke yawo a kanta. Ita ba ta taɓa iya cewa Duilio ko "na yi kewarka" ba sai ta haɗa da tsokana. Wata kuwa ta zo ta faɗi komai cikin ƙasa da minti ɗaya.

*

Alhamis da safe ta riga kowa zuwa.

Ta ɗora tef. Ta sa sabuwar reza.

Mai yankan tef ba da ido yake yanka ba, da kunne ne. Sai ka tsayar da injin, ka dafa tayoyin tef ɗin biyu da hannu, kana jan sa gaba da baya a hankali har ka ji daidai inda sauti ya fara. Ka sa alama da farin fensir. Sannan reza.

Farkon waƙar bai ba ta wahala ba. Ta ji inda jitar ta shigo, ta sa alama.

Ƙyat!

Ta yanke.

Hannunta ko rawa bai yi ba, ta kuma ji haushin hakan.

Saura ƙarshen. A nan jita ta riga ta yi shiru, muryar ce kaɗai ke jan kalmar ƙarshe. Ta dafa tayoyin ta fara juyawa. Da jan hannu kowace murya gurnani take zama, ta saba. Ta ɗan ƙara sauri don ta kamo kalmar...

Ta tsaya cak.

Ta mayar baya. Ta sake ja, ba da saurin inji ba, ƙasa da shi kaɗan.

Macen ta yi ƙasa... ta yi ƙasa... ta yi kauri...

Ta zama namiji.

Kafin baitin ƙarshe namijin ya ja numfashi, hancinsa ya yi ɗan fito, fiii. Hanci ɗaya ne a duk Genova ke wannan fiton, wanda ya karye ranar da mai shi ya faɗo daga babur yana ƙoƙarin ɗaga mata hannu.

Nives ta zauna a ƙasa.

A haka Signor Oreste ya same ta, reza a hannu, tef na lilo.

"Signor Oreste."

"Na'am."

"Ranar Lahadi mutum nawa ne a ɗakin nan?"

Tsohon ya kalli tef, ya kalle ta, ya cire hularsa.

"Biyu. Ni da shi."

"Ka rage gudun injin ya rera, da aka mayar daidai ya koma mace."

"Ni kika kalla kika koya, ai dole ki kama ni." Ya ja kujera. "Ya sa na rantse da kabarin matata. Ke ya rubuta wa waƙar, 'yata. Ya ce watan jiya ya nuna miki baitin a takarda, ya ce ko za ki gwada rerawa."

Ta tuna. Ta karanta layin farko ta ce masa in miya ta huce a ɗumama ta mana, wannan ma sai an kira makaɗa? Ya yi dariya, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Signorina Ludovica ta nace ita za ta yi," in ji Oreste. "Ya ce babu macen da za ta faɗi kalmomin nan in ba ke ba. To labarin kuma dole mace ce ke kiran mutumin gida. Sai ya zama macen da kansa. Sau goma sha bakwai muka ɗauka, yana yi yana share ido."

"Me ya hana shi faɗa min?"

"Ke? Da bakin nan naki? Ga babanki da ke kiran sa budurwa tun bai yi komai ba. Ya ce in Signor Amilcare ya ji, auren ya mutu."

Nives ta rufe fuska da tafukanta. Kafaɗunta suka fara rawa. Oreste ya ɗauka kuka ne, ya miƙo hankici.

Rabi kuka ne. Rabi dariya.

Kwana guda cur ta yi tana kishi da saurayinta a kan saurayinta.

"Baba yake tsoro?" ta ce tana goge ido. "Baba?"

Laifin na duwatsun Cuneo ne. Da Duilio ɗan bakin tasha ne da ya sani. 'Yan dakon Genova suna da waƙarsu ta gado, trallalero. Ƙarti ne zalla ke tsayawa a da'ira a shagon giya, ba kayan kiɗa. Wasu na gurnani daga ƙasa, wani na kwaikwayon jita da baki, ɗaya kuma dole ya ɗauki muryar mace can sama. In babu shi babu waƙa. Mai muryar mace na ƙungiyar babanta ya koma Ajantina shekara biyu ke nan, tun daga lokacin duk Asabar sai dai su zauna su sha giya suna zagin Ajantina.

Ta ɗauko abin liƙi ta mayar da yankan da ta yi, ta goge alamar fensir.

Da rana ta je ƙofar tasha ta sa aka kira mata babanta.

"Ƙarfe huɗu za a yi sauraron ƙarshe. Ka zo ka mayar masa da zobensa a gaban kowa."

Amilcare ya sumbaci goshinta.

"Yau na san ni na haife ki."

*

Ƙarfe huɗu ɗakin ya cika. Makaɗan na zaune a ƙasa. Ludovica ta zo da samfurin bangon faifai, an zana wani tsirara yana shan teku da bututu. Duilio na jingine da bango, da gani bai runtsa ba. Amilcare ya tsaya a bakin ƙofa da kayan aikinsa, ya cika ta.

Nives ta karɓi bangon ta juya bayansa.

"Waƙa ta huɗu. Murya, Ludovica," ta karanta.

Duilio ya ɗago da sauri.

"Wa ya sa wannan?"

"Gurbin ba kowa, masoyi," in ji Ludovica. "Faifai ba ya fita da rami. Tunda mai muryar ba ta da suna..."

"Madalla," Nives ta katse ta. "Tunda kina nan an huta. Kalmar ƙarshe ta ɗan samu matsala a tef. Ga makirfo, Signorina. Layi ɗaya kawai za ki maimaita."

Makaɗan suka juya suna kallon Ludovica.

"Yanzu?"

"Yanzu. Jirgi gobe ne."

"Ai... ba haka ake fasaha ba. Sai ruhin ya sauko."

"Ƙarfe nawa yake saukowa? Mu jira shi."

Mai ganga ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Ludovica ta je gaban makirfo, don babu hanyar fita, Amilcare ya toshe ƙofa. Ta rufe ido. Ta ɗaga hannu ɗaya sama. Ta buɗe baki.

Abin da ya fito, ko ƙofar gidan su Nives in ta kwana biyu ba mai ta fi shi daɗi.

"Na gode," in ji Nives. "Ya isa."

Ta kunna gefen farko tun daga baitin buɗewa, aka saurara har aka kai waƙa ta huɗu. Jita ta shigo, muryar ta biyo. Ba wanda ya motsa har ta ƙare. Ta saci kallon babanta, ta ga ya saki baki.

Ta juya ga Duilio. Ta zare zoben ta ɗora a kan injin.

"Ga Baba, ya zo mayar maka da wannan. Tambaya ɗaya zan yi, ba zan sake ba. Wace ce?"

Ya kalli zoben. Ya kalli abokansa. Ya kalli hannuwan Amilcare, kowanne kamar shebur.

"Nives, ki rufa min asiri..."

"Wace ce, Duilio?"

Ya miƙe daga jikin bangon.

"Ni ce."

Ya runtse ido.

"Ni ne, nake nufi! Ni na rera! Aka juya injin. Ke na rubuta wa, kika yi dariya, ni kuma ba zan iya jin ta a bakin wata ba. Shi ke nan! Ku yi dariyar ku huta!"

Ba wanda ya yi. Kowa Amilcare yake kallo, wanda ya baro ƙofa yana takowa a hankali har ya tsaya gab da shi.

"Kai ka yi wannan muryar?"

"Eh, Signor Amilcare."

"Da bakinka?"

"Eh... inji ya taimaka."

"Ba inji fa? Ina kake kaiwa?"

"Ban... ban gane ba."

"Yi in ji!"

Duilio ya kalli Nives kamar wanda za a rataye. Ta ɗaga masa gira. Ya buɗe baki ya ɗauko layin farko da 'yar siririyar murya, tana rawa.

"Sama!" Amilcare ya daka tsawa. "Daga nan, ba daga maƙogwaro ba!" Ya buga masa hannu a ciki.

Muryar ta haura, ta tsaya, ta yi tas.

Sai ga wani gurnani daga ƙirjin Amilcare, bom... bom... bom, ya shiga ƙarƙashinta ya tallabe ta. Suka kai ƙarshen baitin tare. Idon tsohon ya kaɗa ya yi ja.

"Shekara biyu," ya ce. "Shekara biyu muna neman mai muryar mace har garin Savona, ashe kana cikin gidana kana cin taliyata." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma kin sani kika kawo ni!"

"Da safen nan na sani, Baba."

"Munafuka. Halin uwarki sak." Ya damƙi kafaɗar Duilio. "Asabar ƙarfe biyar, shagon Gino. Kada ka ci abu mai yaji."

"Gashin fa, Baba?" in ji Nives.

"Gashi ne ke waƙar?" Ya ɗauki zoben daga kan injin ya danƙa wa Duilio. "Mayar mata, Duilio. Ka kuma yi sauri da maganar coci, ba na son mawaƙina na yawo ba aure."

Ludovica ta tattara alkyabbarta.

"Babana zai ji wannan. Ba ku san darajar fasaha ba, dukanku!"

"Signorina," Nives ta kira ta. "Minti ɗayan nan, a baitinki na buɗewa na cire shi. Ɗazu aka saurari gefen farko kina zaune. Wane layi ne babu?"

Ludovica ta juya fuu. 

Ta fita, ƙofa ta kama gefen alkyabbar, sai da mai ganga ya tashi ya sakar mata.

*

Da kowa ya watse suka rage su biyu. Rana na shigowa ta taga, ana jin kukan jiragen tasha.

Zoben na hannunsa, bai sa mata ba.

"Kin san ni ne, kika tsayar da ni gaban babanki."

"Na sani."

"Na ɗauka yau zan mutu."

"Ni jiya na mutu, ba wanda ya zo ta'aziyya."

Bai yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai.

"Duilio... na yanke ta."

"Me?"

"Da safe. Na yanka farkon, saura ƙarshen na ji hancinka. Na liƙe. Ba mai ji a faifai, amma tabon na nan a tef, ina so ka sani daga bakina."

Ya juya ya kalli injin.

"Da ba ki ji ba fa?"

"Da na ƙarasa. Da kuma na yi asarar ka, ina ganin ni ce mai gaskiya." Ta share ido. "Ba kyanta na yi wa kishi ba, ban ma san fuskarta ba. Yadda take son ka ne. Na ce wannan ta iya faɗa, ni ban iya ba. Ni sai baƙar magana."

"Baƙar maganar na gani na biyo."

"Ƙarya kake."

"To, rabi."

Ya kamo hannunta ya zura zoben. Ta bar hannun a cikin nasa.

"Sunanka za a sa a bangon," ta ce. "Da manyan baƙaƙe."

"Har Cuneo za a gani..."

"Su gani."

Ta ja numfashi. Ta kalli jar fitilar ɗauka, a kashe take. Ta juya masa baya, don ba za ta iya tana kallonsa ba.

Ta fara.

Muryarta ba siririya ba ce, ba ta da taushi. Ta shiga a ƙasa, ta kauce a layi na biyu, a na uku ta tsaya ta share hanci. Amma ta kai ƙarshe, ba ta haɗa da tsokana ko ɗaya ba.

Da ta juyo hawaye ya jiƙe masa fuska, hannunsa na laluben maɓallin injin.

"Sake, zuciyata... don Allah sake, in ɗauka."

Ta buge hannun.

"Kai ka rera wa duniya. Wannan ta mutum ɗaya ce."